Gardama A Kan Makaɗan Talking Heads: Aro Suka Yi A Wurin Fela Ko Ƙwace?

Ran 8 ga watan Oktoba na shekarar 1980, wani kamfanin buga faya-fayi na ƙasar Amurka mai suna Sire ya fitar da wani faifai mai waƙoƙi takwas wanda aka raɗa wa suna Remain in Light. Makaɗan da suka yi shi Turawa ne su huɗu, maza uku da mace ɗaya, mazauna birnin New York, masu kiran ƙungiyarsu Talking Heads. Yau fiye da shekara arba'in ke nan da fitowar wannan faifai, ƙungiyar ma ta daɗe da watsewa, amma gardamar da ya haddasa a tsakanin masana kiɗa ba ta kwanta ba. Waɗansu suna lissafa shi cikin faya-fayin da suka sauya kiɗan Turawa baki ɗaya. Waɗansu kuwa cewa suke yi kayan wani ne aka ɗauka aka yi ado da shi. Gardamar ta shafi Nijeriya, domin kuwa rijiyar da waɗannan Turawa suka ɗebi ruwa a cikinta a birnin Ikko take, mai ita kuma shi ne Fela Anikulapo Kuti.

Asalin Ƙungiyar

A tsakiyar shekarun 1970 ne samarin New York da na Landan suka gaji da manyan makaɗan zamaninsu masu tsawaita kiɗa don nuna gwaninta, suka fito da wani salo mai kaushi da sauri da hayaniya wanda suke kira pank. Waƙar pank ba ta cika wuce minti uku ba, kuma ko wanda hannunsa bai faɗa da jita ba yana iya hawa dandamali. Ba a daɗe ba wannan wuta ta lafa, sai waɗansu daga cikin samarin suka riƙe ƙarfin halin pank, amma suka bazama neman sabon abu a kiɗe-kiɗen waɗansu al'ummai. Wannan ne Turawa suka laƙaba wa suna post-punk, watau kiɗan da ya biyo bayan pank. A Ingila an yi ƙungiyoyi irin su Joy Division da Gang of Four. A Amurka kuwa Talking Heads na cikin waɗanda suka fi yin suna.

David Byrne mawaƙi, da Chris Frantz mai ganguna, da Tina Weymouth mai kaɗa babbar jita, sun san juna ne a wata makarantar koyon zane-zane da ke jihar Rhode Island. A watan Yuni na 1975 suka fara wasa a gaban jama'a a wani ɗan gidan rawa na New York mai suna CBGB, sa'an nan a 1977 Jerry Harrison ya zama na huɗunsu. Daga 1978 suka fara aiki da wani Baturen Ingila gwanin haɗa sauti, Brian Eno, wanda ya daɗe yana sauraron faya-fayin Fela, musamman wanda ake kira Afrodisiac na 1973. Shi ne ya kunna wa Byrne wannan faifai, daga nan kuwa akalar ƙungiyar ta juya.

Yadda Aka Gina Faifan

A tsakiyar shekarar 1980 suka tafi wani ɗakin ɗaukar sauti a birnin Nassau na tsibiran Bahamas, ba tare da sun shirya waƙoƙi tun daga gida kamar yadda aka saba ba. Kiɗan Turawa na yau da kullum bisa sauye-sauyen murya aka gina shi, a hau, a sauka, a komo. Su kuwa sai suka tsaya a kan murya guda, kowane makaɗi ya kama ɗan guntun zubi nasa yana ta maimaitawa, zube-zuben suna shiga tsakanin juna kamar zare a hannun masaƙi. Daga bisani aka ɗora waƙa a kai, Byrne yana jefa magana irin ta masu wa'azi a gidajen rediyon Amurka, 'yan amshi suna karɓa masa.

Ga kunnen Bature wannan baƙon abu ne. Amma ga wanda ya tashi da jin kalangun Alhaji Mamman Shata, wanda aka binne a Daura a 1999, ba wani abin mamaki a ciki: makaɗa su riƙe zubi ɗaya, mawaƙi ya yi ta zuba zance a kansa, 'yan amshi su karɓa, a kai tsawon lokaci ba wanda ya ƙosa. Ba daga Shata Turawan suka ɗauko ba, amma tsarin ɗan gida ne a duk faɗin Afirka ta Yamma. Byrne kansa ya faɗi cewa ya ƙaru da littafin wani Ba'amurke, John Miller Chernoff, wanda aka buga a 1979. Shi kuwa Chernoff ya yi shekaru yana koyon kiɗa a ƙasar Gana, har da wurin makaɗan Dagomba na Tamale, masu kaɗa wata ganga da suke kira lunga, wadda ɗiyar ɗaki ce ga kalangu a siffa da kuma yadda ake matsa ta a hammata don ta yi magana.

Hujjar Masu Yabo

Masu yabon ƙungiyar suna kafa hujja da abu uku. Na fari, ba su ɓoye inda suka samo ba. A cikin takardar da suka raba wa 'yan jarida tare da faifan sun lissafa littattafan da suka karanta a kan kiɗa da fasahar Afirka, a hirarraki kuma sun yi ta ambaton Fela. Eno ya sha bayyana Tony Allen, mai gangunan Fela, da cewa mai yiwuwa ba a taɓa yin makaɗin ganguna kamarsa ba. Da aka sake buga faifan a tsakiyar shekarun 2000, an ƙara wani kiɗa da ba su ƙarasa ba a 1980, wanda sunan Fela ne a kansa.

Na biyu, ba kwafa suka yi ba. Wanda ya kunna faifan Fela sa'an nan ya kunna nasu ba zai ruɗe ba, domin babu jerin ƙahonin Fela, babu Turancin Buroka, abin da suke waƙa a kai kuma damuwar mutumin birni ce a Amurka. Masu wannan ra'ayi suna tunatarwa cewa Fela kansa mai aro ne: ya yi karatun kiɗa a Landan daga 1958, ya ɗebo daga kiɗan hailaif na Gana da jaz na baƙaƙen Amurka, kuma zamansa a Los Angeles a 1969 ne ya kaifafa masa tunanin siyasa.

Na uku shi ne tasiri. Don su iya kaɗa faifan a gaban jama'a sai da suka faɗaɗa ƙungiyar ta kai mutum tara, da baƙaƙen makaɗa irin su Bernie Worrell a ciki, a zamanin da ba kasafai ake ganin haka a dandalin irin wannan kiɗa ba. Ƙungiyar Radiohead ta Ingila daga sunan wata waƙarsu ta 1986 ta ɗauko nata sunan. A 2017 babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa faifan cikin sautukan da ƙasar za ta adana don tarihi. Haka kuma kamfanin Luaka Bop, wanda Byrne ya kafa a 1988, shi ne a 2013 ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Inugu ya fitar wa duniya, bayan an kusa mantawa da shi.

Hujjar Masu Suka

Masu suka kuwa ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai dai suna cewa kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganinsu kiɗan Fela ba zubin ganga ba ne kawai, makami ne da ya biya kuɗinsa da jikinsa. A watan Fabrairu na 1977 sojoji suka ƙona gidansa na Kalakuta, aka jefo mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. A 1984, shekarar da aka fara nuna fim ɗin wasan Talking Heads mai suna Stop Making Sense ana ta yaba masa, a shekarar ce gwamnatin soja ta Manjo-Janar Muhammadu Buhari ta gurfanar da Fela bisa tuhumar fita da kuɗin ƙasashen waje, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar, bai fito ba sai a watan Afrilu na 1986. Saboda haka, in ji su, Turawan sun ɗauki daɗin kiɗan sun bar ɗacinsa, sun sami suna da dukiya da abin da ya jawo wa mai shi duka da kurkuku.

Daɗin daɗawa akwai maganar izini. A farkon 1981 Byrne da Eno su biyu suka fitar da wani faifai wanda suka aro sunansa daga littafin marubucin nan ɗan Nijeriya, Amos Tutuola, na 1954. A ciki sun yanko muryoyin mutane daga rediyo da faya-fayin waɗansu suka ɗora a kan kiɗa, har da muryar wata mawaƙiya 'yar Labanan, Dunya Yunus, wadda ba ta san an yi ba. Mafi muni shi ne sun ɗora karatun Alƙur'ani na waɗansu Musulmin Aljeriya a kan kiɗan rawa. Sai da wata majalisar Musulmi ta Ingila ta nuna rashin yardarta sa'an nan aka cire wannan daga bugun da suka biyo baya. Masu yabo suna cewa ai sun ji kira sun cire. Masu suka kuwa suna cewa wanda ya san darajar abin da ya ɗauka ba ya jira sai an yi masa magana.

Wa Ke Riƙe Da Kan Macijin?

Mutanen Daura sun san irin wannan shari'a tun daga labarin rijiyar Kusugu. Bisa ga yadda ake ba da labarin, baƙo Bayajida ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya yanke kansa ya tafi da shi cikin dare. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta nemi wanda ya yi aikin don ta sāka masa, sai mutane suka yi ta fitowa kowa yana cewa shi ne, har sai da aka ce a kawo kan macijin. Labarin bai zargi baƙo don ya ɗebi ruwa ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne a gane wanda ya yi aiki, a ba shi ladarsa.

Abin lura shi ne wannan tambaya ce ta raba kan Talking Heads su kansu. Frantz da Weymouth, waɗanda mata da miji ne, sun ce an yi alkawari za a rubuta sunayen kowa a jikin faifan 1980, tun da tare aka ƙirƙiri kiɗan, amma da ya fito sai suka tarar an fifita Byrne da Eno. Wannan ciwo bai warke ba har ƙungiyar ta watse a 1991, bayan faya-fayi takwas, kuma Frantz ya sake tayar da maganar a littafin tarihin rayuwarsa na 2020. A Ikko ma haka ta faru, domin Tony Allen ya bar Fela a ƙarshen shekarun 1970, saɓani a kan kuɗi da rabon haƙƙi yana cikin dalilansa. Kiɗan da aka gina bisa saƙar hannuwa da yawa yana da wuyar rabo a gaban dokar Turawa, wadda ta fi sanin mai rubuta kalmomi da karin waƙa, ba ta cika kula da mai ganga ba.

Kaya Ya Komo Gida

A 2018 mawaƙiyar nan ta Jamhuriyar Benin, Angélique Kidjo, ta sake rera waƙoƙin Remain in Light duka takwas a wani faifai nata. Ta faɗi cewa tun sa'ad da ta fara jin ɗaya daga cikinsu a Paris a 1983 ta gane jinin Afirka a ciki. Ta mayar da ƙahoni da ganguna, ta gayyato Tony Allen kansa ya kaɗa, shekara biyu kafin rasuwarsa a 2020. Byrne ya yi maraba da aikin, har ya hau dandamali tare da ita a New York a 2017. Kowane ɓangare ya ɗauki wannan hujja ce a gare shi: masu yabo suka ce ga shaida mai kaya bai ji haushi ba, masu suka suka ce da kayan aro yana rufe katara, da ba a bukaci mai shi ya zo ya gyara ɗaurin ba.

Bahaushe dai ba zai yi saurin jifa ba, domin laifi tudu ne. Waƙoƙin finafinan Hausa da dama a kan karin waƙoƙin Indiya aka ɗora su, ba tare da an nemi izinin kowa a Bombai ba. Aro a kiɗa ya girmi kowa, kuma ba hana shi za a yi ba. Abin da za a auna mai aro da shi shi ne ko ya faɗi sunan mai kaya, ko ya nemi izini, ko kuma ya mayar da wani abu daga ribar. A kan na fari Talking Heads sun fita kunya. A kan sauran biyun kuwa akwai sauran magana.

Darasin ya fi kusa da gida fiye da yadda ake zato. Waƙoƙin Shata da na Narambaɗa da na Ɗan Maraya Jos suna nan a intanet, kuma duk mai kwamfuta a ko'ina cikin duniya yana iya yanko zubin kalangu ko na kuntigi ya gina sabuwar waƙa a kai cikin dare ɗaya. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga ayyukan mawaƙa da kuma fasahar gargajiya, amma doka ba ta bin haƙƙin wanda bai tashi nema ba. Ya rage ga magadan waɗannan makaɗa, da masarautu, da hukumomin al'adu na jihohi, su tattara faya-fayin, su rubuta sunan kowane mai ganga da ɗan amshi tun ana tune da su, don ranar da za a ce a kawo kan maciji kada a rasa mai fito da shi.