Doka da Tarihin Rayuwa: Giɓin da ke Kantar Littattafan Hausa

Ranar 20 ga Fabrairu, 2025, manyan ƙasar nan suka cika otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja domin ƙaddamar da tarihin rayuwar Janar Ibrahim Badamasi Babangida, *A Journey in Service*. Kafin a watse an yi alkawarin wajen naira biliyan 17 don gina ɗakin karatu da sunansa. Aliko Ɗangote ya ɗauki biliyan 8, Abdussamad Rabi'u biliyan 5. A littafin ne Janar ɗin ya amsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Amma da Turanci aka rubuta shi, da Turanci aka ƙaddamar da shi. Tela a Minna da manomi a Kontagora, waɗanda suka sha zafin tsuke bakin aljihun zamaninsa a jikinsu, abin da ya iso musu bai wuce 'yan mintocin da rediyo ta taƙaita ba. Abin takaici ne, kuma ba kan Babangida aka fara ba.

Duk wanda ya ratsa layin masu littattafai a Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari ta Kano zai ga yadda kantar take rinjaye gefe guda. Littattafan addini ga su nan jibge: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, bugun Kano da na Misira da na Bairut, da fassarorinsu, da ƙananan littattafan azkar da ake sawa a aljihu. Tarjamar Alƙur'ani ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ta shiga gidaje ba iyaka. Kiristocin Hausa kuma suna da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshensu tun 1932. Ƙagaggun labarai su ma ba a magana. To, a nemi littafin da zai gaya wa mutum haƙƙinsa in ɗan sanda ya kama shi, ko wanda wani gwamna, alƙali, ko 'yar kasuwa ta rubuta kan rayuwarta da Hausa. Sai mai kanti ya yi ta sosa ƙeya.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce Bahaushe ba ya karatu. Wannan zance ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Mutanen da suka yi wa *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino rububi bayan fitowarsa a 1991, suka riƙa karɓar haya da aron littattafan Bilkisu Funtuwa har bango ya yage, ba za a ce musu marasa karatu ba. Ko ƙona littattafan da hukumar A Daidaita Sahu ta yi a Kano a 2007 bai kashe kasuwar ba. Da takarda ta yi tsada sai labarin ya koma waya: marubuciya ta buɗe zaure a WhatsApp, a tura kuɗi, ta riƙa sako shafi-shafi. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 duk shekara sai ta tara labaran mata ɗaruruwa. Masu karatu suna nan. Abin da ya ɓata shi ne masu rubuta musu waɗancan fannoni biyu.

Littafi ba ya rayuwa sai da wanda zai tsaya masa. Na addini yana da malamin zaure da ke biya shi kullum bayan magariba, da Islamiyyar da za ta ce kowane ɗalibi ya zo da nasa, da mai hali da zai buga dubu ya rabar sadaka. Na hikaya ya samu 'yan kasuwa da suka zuba jari, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama, da gidajen rediyo masu karanta shi, da 'yan mata masu miƙa wa juna. Littafin doka da na tarihin rayuwa kuwa, waɗanda ya kamata su tsaya musu su ne gwamnati da 'yan boko da masu mulki. Su kuma tun tuni suka zaɓi wanda suke so ya karanta su, kuma ba talakan da ya yi musu layi ranar zaɓe ba ne.

A duba jerin. Sardauna Ahmadu Bello ya fitar da *My Life* a 1962, a maɗaba'ar Jami'ar Kambirij. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya iya Hausa har yana tsara waƙa da ita, da ya tashi ba da labarin rayuwarsa sai ya rubuta *Beckoned to Serve* a 2001. Malam Nasiru El-Rufa'i ya yi nasa a 2013, shi ma da Turanci. Wanda ya fi sosa rai shi ne Alhaji Abubakar Imam, mai *Ruwan Bagaja* da *Magana Jari Ce*, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun kafa ta a 1939: tarihin rayuwarsa da ya fito a 1989 da Turanci ya fito. Hatta Shaikh Gumi, da ya shekara da shekaru yana tafsiri da Hausa a Masallacin Sultan Bello, *Where I Stand* na 1992 ne ya riga fitowa, fassarar ta biyo baya. Kowannensu yana da hujjarsa, a Legas da Landan ake son a ji su. Amma in aka haɗa su gaba ɗaya, sakamakon guda ne: manya suna rubuta wa juna, kuma sau da yawa ranar ƙaddamarwa ce kasuwar littafin ta farko kuma ta ƙarshe.

Kuma ba don Hausa ba ta iya ɗaukar irin wannan rubutu ba. Dorugu, yaron nan da ya bi Heinrich Barth har Turai, da Hausa ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa, aka buga shi cikin *Magana Hausa* a 1885. Imam ya rubuta *Tafiya Mabuɗin Ilmi* kan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya yi *Motsi Ya Fi Zama*. Baba ta Karo da Hausa ta zauna ta fayyace wa Mary Smith zaman mata, aure, kishi da ɓarnar mahara bayi, amma da Turanci duniya ta fara karanta ta a 1954. Jikokinta sai da suka jira shekaru masu yawa kafin a buga maganarta yadda ta faɗe ta. Zamanin da ake da Hukumar Talifi, da Kamfanin Gaskiya na 1945, da NORLA kafin a rufe ta a 1959, akwai ma'aikata da ake biya albashi don su nemo irin waɗannan rubuce-rubuce su buga. Da wannan tsari ya sukurkuce, kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966 ya koma dogaro da littattafan jarrabawa, babu wanda ya gaji aikin.

Ɓangaren doka ya fi muni, domin nan ana asarar 'yanci da dukiya. Tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999, wasu jihohi 11 suka bi, kundayen dokokin laifuffukan da majalisu suka zartar da Turanci aka tsara su. Ke nan mutum zai tsaya gaban alƙali, a yi masa tambaya da Hausa, a kafa hujja da Muhtasar ko Tuhfa na Larabci, a yanke masa hukunci da sashen dokar da ke rubuce da Turanci. Harshe uku a kan mutum ɗaya, kuma nasa ne kaɗai ba shi da littafin da zai duba a gida. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma ba mace damar tsaya wa mutum beli. Mutum nawa a Rimin Kebe ko Unguwar Shanu suka taɓa ganin waɗannan a rubuce da Hausa? Shi ya sa har gobe ake tsare uba don ɗansa ya gudu, dangi su yi karo-karo su biya belin da doka ta ce kyauta ne, suna godiya.

Gaskiya ne akwai masu wata fahimtar, kuma ba za a ce ba su da komai a hannu ba. Suna cewa tarbiyyar Bahaushe ba ta son mutum ya zauna yana lissafa kansa, kunya da kawaici sun hana, ga tsoron taɓa mutuncin waɗanda ke raye. Suna cewa farashin takarda ya yi tashin gwauron zabo tun faɗuwar naira a 2023, kuma rediyo tana yin aikin: lauyoyi na shiga shirye-shirye, dattawa na ba da tarihinsu a hira. To, amma kunyar ba ta hana a rubuta da Turanci ba, tsadar takarda ba ta hana a buga Ahalari ba, shirin rediyo kuma ba a ɗaukarsa a je da shi caji ofis a nuna shafi.

Giɓin da aka bari, hikaya ce ta yi ƙoƙarin cike shi. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, cikin *Wa Zai Auri Jahila?* ta zuba abin da a wani wuri da tarihin rayuwa za a kira shi. Littafinta *Alhaki Kwikwiyo Ne* ya koya wa mata da yawa abin da ya shafi saki, riƙon 'ya'ya da ciyarwa fiye da duk wata takardar ma'aikatar shari'a. Wannan abin yabo ne ga marubutan. Sai dai marubuciyar labari ba alƙaliya ba ce, kuma in ta yi kuskure a hukuncin gado ko idda, haka mai karatu zai haddace shi. Ta fuskar tarihi kuwa, matashin da bai samu abin da mutanen NEPU da NPC suka rubuta da hannunsu ba, a Facebook yake tsintar labarin Jamhuriya ta Farko, inda kowa ke ƙara gishirinsa. Dattawan da suka ga abin da idonsu kuma kullum raguwa suke.

A Nijar, inda dokoki suka daɗe cikin Faransanci, kundin da aka zartar a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. A Nijeriya sashe na 55 na Tsarin Mulki ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su in an yi tanadi, kuma tanadin ne har yau ake jira.

Aikin bai fi ƙarfin masu shi ba. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo kowacce tana da tsangayar shari'a da sashen da ake nazarin Hausa. Ma'aikatun shari'a na jihohi su ba su kwangilar fassara dokokin kama mutum, beli, haya, filaye da gado, a buga su ƙanana a farashin littafin azkar, a kai Kurmi, a sa a waya kyauta. Duk babban da zai ƙaddamar da tarihinsa nan gaba kuma, ya ware wani abu daga gudummawar ranar ya biya mai fassara, domin mutanen garinsu su karanta shi da harshen da ya roƙi ƙuri'arsu da shi.