Ko Kun Sani?

Akwai hasken leza da ke ratsa fatar jariri ya ƙone jijiyar jinin da ke ƙarƙashi, fatar kuwa ba a ko yanka ta. Da shi likitoci ke dusashe jan tabon nan da ake haihuwar wasu da shi a fuska, irin na goshin marigayi Mikhail Gorbachev, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet. Wajen jarirai 3 cikin 1,000 ke zuwa duniya da shi, kuma ƙananan jijiyoyin jini ne da suka buɗe fiye da kima.

Sirrin yana ga launi. Hasken rawaya ne, jini kuma yana zuƙe rawaya fiye da naman da ke kewaye da shi, sai jijiyar ta ɗau zafi ta toshe tun ido bai ƙifta ba. Likitocin Amurka biyu, Rox Anderson da John Parrish, suka bayyana dabarar a 1983.

Ba a gamawa a zama ɗaya, kuma tabon kan dusashe ne, da wuya ya ɓace sarai. Baƙar fata ma tana zuƙar wannan haske, shi ya sa likita ke yi wa masu ita a hankali, gudun ƙuna.