Yadda Garkuwar Jiki Take Taimaka wa Ciki Ya Kama

Rabin halittar ɗan tayi daga uba yake, don haka a ƙa'ida garkuwar jikin uwa, wadda aikinta shi ne yaƙar duk wani baƙon abu, ya kamata ta ƙi shi, kuma wannan ɗaure kan ne masanin Birtaniya Peter Medawar ya bayyana a 1953. Kimanin kwana 6 zuwa 10 bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi, tayin yakan maƙale a shimfiɗar mahaifa, inda fararen ƙwayoyin jini suka riga suka taru. Kusan kashi 70 cikin ɗari nasu a farkon ciki ƙwayoyin NK ne, waɗanda a cikin jini kashe ƙwayoyin da suka kamu da cuta suke yi, amma a mahaifa sinadarai suke fitarwa da ke jagorantar ƙwayoyin mabiyiya su kutsa cikin ƙananan jijiyoyin jini masu murɗe, su buɗe su domin jini ya wadaci tayi. Wasu fararen ƙwayoyin jinin kuma, daga cikin waɗanda ake kira ƙwayoyin T, suna kwantar da sauran garkuwar don kada ta ƙi tayin. Idan buɗewar jijiyoyin ta gaza, haɗarin hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga, yakan ƙaru.