Idan Jirgi Ya Zarce Ƙarshen Titinsa

A ranar 17 ga Yulin 2007, wani jirgin kamfanin TAM ya sauka ana ruwa a filin jirgin saman Congonhas da ke Sao Paulo a Brazil. Ya kasa tsayawa, ya zarce ƙarshen titin, ya tsallake babbar hanya ya daki wani gini. Mutum 199 suka rasu. Filin yana tsakiyar gari, babu sarari a bayan titin.

Don gudun irin haka ne hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa manyan filaye barin shimfiɗaɗɗen fili na aƙalla mita 90, ban da mita 60 da ke manne da ƙarshen titin, ta kuma shawarta a kai shi mita 240. Amurka tana neman ƙafa 1,000, wato kusan mita 300.

To, inda teku ko unguwanni suka hana faɗaɗawa fa? Nan ake shimfiɗa EMAS, tubalan siminti mara nauyi mai cike da ƙananan ramuka. Tayoyin jirgi kan nutse ciki, simintin ya ruguje, gudun ya mutu, kamar motar da ta afka yashi. An tsara shi ya tsayar da jirgi mai gudun kusan kilomita 130 a awa. Filin JFK na New York ya samu nasa tun 1996. Congonhas kuwa sai 2022, shekara 15 bayan hatsarin, kuma jinkirin ya yi yawa ga filin da gidajen mutane suka kewaye.