Ƙera ƙaramin samfurin tankar yaƙi da ƙarfe

Ƙera ƙaramin samfurin tankar yaƙi da ƙarfe aikin hannu ne da ake yi ba tare da sayen shiryayyun sassa ba. Maƙeri yakan rage awon tankar ainihi bisa ma'auni ɗaya, kamar 1:16, sannan ya yanka fallayen tagulla, ya lanƙwasa su, ya liƙe da dalma.

Misali, M3 Stuart, ƙaramar tankar da Amurka ta fara ƙerawa a 1941, tsawonta kusan mita 4.5 ne, don haka samfurinta yakan zama kimanin santimita 28. Jikinta fallaye ne miƙaƙƙu, masu sauƙin yanka. Wahalar tana wajen sarƙar da take tafiya a kai, domin kowace gaɓa daban ake ƙera ta, kuma dole duka su zo daidai.