2,147,483,647 (lamba)

2,147,483,647 (biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai) cikakkiyar lamba ce mai gidaje goma. Lambar mara ce, kuma tana cikin lambobin firam, wato waɗanda babu lambar da ke raba su ba tare da saura ba sai 1 da su kansu. Ana samun ta idan aka jera 2 guda 31 aka ninka su, sannan aka cire 1. A taƙaice ana rubuta ta 2³¹ − 1.

Rukuni

Firam mai irin wannan siffa ana kiranta firam ta Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa. Ita ce ta takwas a jerin, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Da yake 31 ita ma firam ce ta Mersenne (2⁵ − 1), lambar tana cikin rukunin Mersenne mai ninki biyu, wanda huɗu kacal aka sani a cikinsa. Idan aka ninka ta da 2³⁰ ana samun 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliyar lamba ta takwas: wadda idan aka haɗa duk lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, jimillar za ta dawo daidai da ita.

Tarihi

Mersenne ya sa ta cikin jerinsa a 1644 ba tare da hujja ba. Leonhard Euler ne ya tabbatar da ita, ya kuma bayyana hakan a wasiƙar da ya aika wa Daniel Bernoulli a 1772. Aikin ba ƙarami ba ne ga mai lissafi da hannu, domin sai an gwada firam har zuwa 46,340. Euler ya rage wahalar da ya nuna cewa duk firam da za ta iya raba lambar, in aka raba ta da 248, saurarta 1 ne ko 63. Waɗannan kaɗai ya gwada, babu wadda ta raba ta. Ta zauna a matsayin firam mafi girma da aka sani har zuwa 1867.

A kwamfuta

Yau an fi sanin ta a fannin kwamfuta. A lissafin gida biyu (0 da 1) ana rubuta ta da 1 guda 31 a jere, don haka ita ce iyakar abin da ma'ajiyar lamba mai bit 32 ke ɗauka idan an ware bit ɗaya don alamar ƙari ko ragi. Da an ƙara mata 1, a tsare-tsare da yawa ƙirgen yana juyawa zuwa −2,147,483,648.

Daga nan matsalar shekarar 2038 ta samo asali. Tsarin Unix yana ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙirgen zai kai 2,147,483,647 ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 03:14:07 agogon UTC, kuma na'urar da ba a mayar da ita bit 64 ba za ta iya komawa Disamba 1901. A 2014 ma YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'aunin masu kallo zuwa bit 64, lokacin da bidiyon Gangnam Style ya zarce wannan adadi.