Faifan Bankwana Da Ya Buɗe Ƙofar Arziki

Mai karatu, a ce kai da abokanka huɗu kun yi shekaru kuna kiɗa, kun aika wa kamfanonin faifai waƙoƙinku, duk sun yi watsi da su. Me za ka yi? Ka rataye kayan kiɗa ka kama wata sana'a, ko ka ƙara gwadawa sau ɗaya tak?

Wannan tambayar ce ta tsaya wa wasu samari biyar a wuya a garin Derry na Ireland ta Arewa a 1978. Sunan ƙungiyarsu The Undertones. Garin kuwa a lokacin ba wurin waƙar soyayya ba ne. A nan ne sojojin Birtaniya suka harbe mutum 13 a rana ɗaya a 1972, ga shingayen bincike, ga tashin bama-bamai. Amma waɗannan yara sun ƙi yin waƙar yaƙi. Abin da ke cikin kansu shi ne 'yan mata da ƙuruciya, da jita mai kaifi, da ganga mai sauri, da amshi mai maƙalewa a kunne, salon da daga baya aka kira pop punk. To wa zai saya?

Da gajiya ta kai gajiya, sai suka fara shawarar watsewa. Amma suka ce kafin kowa ya kama gabansa, a bar shaida ko da ɗaya ce. Wani mai shagon faifai a Belfast, Terri Hooley, wanda ke da ɗan ƙaramin kamfani mai suna Good Vibrations, ya yarda ya fitar musu. A watan Yuni suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Wizard suka ɗauki waƙoƙi huɗu. Cikinsu har da "Teenage Kicks", wadda John O'Neill ya rubuta, Feargal Sharkey ya rera, tsawonta bai kai minti uku ba. A watan Satumba faifan ya fito, cikin takarda da aka ninke da hannu. Ashe ƙaddara tana jira a London.

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa a Birnin Kudu ko Gwaram, an kewaye rediyo ana sauraron BBC, ya san nauyin muryar mai gabatarwa. John Peel na BBC Radio 1 irin wannan ne. Ya sa waƙar a shirinsa, tana ƙarewa ya sake sa ta nan take. A ce kai ne mai gabatarwa, za ka iya wannan kasada a gidan rediyon ƙasa saboda yaran da ba wanda ya sani?

Cikin masu sauraro akwai Seymour Stein, mai kamfanin Sire na Amurka, wanda ya zo London a lokacin. Wannan kamfanin ne ke fitar da faifan Ramones, ƙungiyar da samarin nan suke koyi da ita. Bai ɓata lokaci ba ya ƙulla yarjejeniya da su. A watan Oktoba aka sake fitar da faifan, ya kai mataki na 31 a jerin waƙoƙin Birtaniya. Masu shirin watsewa sai ga su a talabijin, suka ci gaba tare har 1983.

Peel kuwa bai daina kiran "Teenage Kicks" waƙar da ya fi so a duniya ba har ya mutu a 2004, kuma a 2008 aka rubuta baiti ɗaya daga cikinta a jikin dutsen kabarinsa.

Saboda haka, mai karatu, idan kana da aikin da ka gaji da shi har kana shirin jefarwa, ka kammala shi tukuna, ka fitar wa duniya. Ba ka san wa ke sauraro ba.